Masu Masaukin Larai

Asabar, da hantsi

Shekara talatin da wani abu ina tambaya ɗaya, har yau ba wanda ya ba ni amsa. Na tambayi Larabawa a Murzuk, na tambayi malamai a Kano, na zo Zariya da ake cewa a nan ilimi ya yada zango, na tambaya. Kowa sai ya shafa gemu ya ce Allah ne masani. To wa ya ce ba Shi ne masani ba? Ni ɗan abin da Ya sanar da su nake nema, tunda su suka zauna gaban allo lokacin da nake bin gindin raƙumi.

Tambayar ba ta da tsawo. Su waye mutanen Girza?

Zan rubuta a nan tunda bakina ya gaji. Rubutun ma ba na makaranta ba ne, wani Babarbare ya koya mini a zango don in riƙa sa wa kaya alama. Wanda ya ga ya karkace sai ya karkata kansa ya karanta.

Girza kufai ne a ƙasar Tarabulus, can cikin duwatsu, ba gida ba hayaƙi. Mun bi ta nan muna dawowa, ni da matata Rakiya da 'yarmu ta fari, Larai, ba ta daɗe da fara tafiya ba. Rakiya a Tarabulus na same ta. An kai ta tun tana ƙarama, uwargijiyarta ta 'yanta ta, na aure ta na ce zan kawo ta ƙasar iyayenta. Ayari ya ratse hanya neman ruwa. Zazzaɓi ya kama yarinyar a bayan uwarta, kafin rana ta faɗi an kwance goyo.

Salmanu ne jagaban ayarin, shi ke gaba yana nuna hanya. Ya miƙa sanda wajen wani tudu ya ce ga maƙabarta can, har da masallaci da hasumiyarsa. Muka duba, da gaske gini ne na dutse, dogo siriri, sak hasumiyar masallaci, ga wasu ƙananan ɗakuna kewaye da ginshiƙai. Magariba ta kawo jiki. Muka yi mata salla, muka sa ta a gindin ɗaya daga cikin ɗakunan, fuska gabas.

Sai da gari ya waye muka ga abin da ke jikin duwatsun. Mutane ne. An sassaƙa su jere, wani na noma da raƙumi, wasu na girbi da lauje, wani ya bi jimina a kan doki, wani babba na zaune a kujera ana miƙa masa ƙoƙo. Ɗakin da ƙofa, amma ƙofar ma dutse ce, an zana ta kawai, ba ta buɗewa. Musulmi ba ya sassaƙa mutum a kan kabari. Madugu ya ce a ɗaura kaya. Aka ɗaura.

Ni tun ranar nake jin haushin Salmanu, kuma ban daina ba. Ita Rakiya daban ta ɗauki abin. Ta ce bafatake in ya bar ajiya a gidan mutum ba ya mance mai masaukinsa, ko wane iri ne shi. Kowace shekara in damina ta kama takan daka gumba ta raba wa yaran unguwa, ta ce ta masu masaukin 'yar nan ce. Ba ta taɓa kama sunanta ba, 'yar fari ce.

Jiya ta ce bana tana so malami ya ɗaga hannu a kan gumbar ya yi wa mutanen addu'a, a gabanta, kunnenta na ji. Na ce me ya sa sai bana. Ta ce haka nan.

Lahadi, bayan La'asar

Na sami Malam Mika'ilu, limamin unguwarmu ta Tudun Wada, a zaurensa. Yaro ne, na girmi ubansa, amma ya san littafi, ban hana masa ba. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, wannan ma abin a gode ne. Sannan ya ce yarinyar kam kada in sa damuwa, yaro in ya rasu ba abin da zai same shi ko a ina aka sa shi. Na ce wannan na ji shi tun kafin a haife ka, ba shi ya kawo ni ba.

Ya ce su kuma mutanen, sai an san ko su waye. In saƙo ya je musu sun ƙi, bai halatta ya nema musu gafara ba. In kuwa sun wuce tun saƙo bai iso ba, malamai sun yi magana iri-iri.

"To su waye, Baba Kailani?"

Ka ji fa. Ni na kawo tambaya, an juya an ɗora mini ita a ka.

Litinin, da safe

Rakiya ba ta fito tsakar gida ba. Ƙasa ce da laima.

Talata, bayan Azahar

Saratu ta zo daga gidan mijinta a Tudun Jukun da ƙunshin kaya, alamar kwana. Wa ya aika mata, oho. 'Yarmu ce da aka haifa a Kano bayan mun dawo, ba ta taɓa ganin rairayi ya wuce na bakin rafin Kubanni ba. Da shigowarta ta hau sharar ɗaki, ta kwashe mini fatun da nake ɗinkin salka da su ta zuba a zaure, wai warinsu na hana uwarta numfashi. Matar da ta yi wata da watanni tana shan ruwa daga salka.

Kunun da ta dama ya yi ruwa. Shi ya sa uwar ta kurɓa ta ajiye.

Laraba, da hantsi

Salmanu ya zo yana dogara sanda. Mutumin da ke gane rijiya daga launin dutse, yau sai ya shafa katanga yake gane gidana. Idon ya tafi, bakin na nan. Tun daga zaure yake kiran amarya, haka yake ce mata tun a Tarabulus. Ta amsa daga ɗaki, ta ce sannu da zuwa jagaba mai ɓatar da ayari. Ya ce ai ɓatan da ya yi shi ya kawo ta gidan wannan tsohon jaki, in ba haka ba da tuni ya kai ta gidan sarki.

Na gaya masa abin da Malam ya ce. Ya ce ai Samudawa ne, kowa ya sani. Na ce Samudawa da ake cewa ɗayansu na cire kuka ya yi asuwaki da ita, su ne za su shiga ɗakin da ni ma sai na sunkuya? Ya ce to 'ya'yansu ne. Na ce kai dai ka ga hasumiya da magariba ka ce masallaci, yau kuma ba ka ganin komai ka ce Samudawa. Ya ce ko yanzu aka kai shi zai sake cewa masallaci, don bai taɓa ganin kafiri ya yi gini mai tsafta haka ba.

Ta yi dariya a ɗaki. Dariyar ta zama wani abu daban, Saratu ta shiga da gudu. Muka zauna ni da shi muna sauraro. Da ya tashi tafiya ya mance sandarsa, sai da na bi shi da ita.

Juma'a, gab da Magariba

Na shiga birni ta Ƙofar Doka na yi Juma'a, na tsaya wurin wani tsohon malami da aka ce ya je Makka da ƙafa. Mutanen birni in sun ji kai na Tudun Wada ne sai su riƙa duba takalminka. Ya dai ba ni wuri. Ya ce ya ji labarin irin garuruwan nan, mutane ne da suka yi saɓo aka mai da su duwatsu, kowa a kan aikin da yake yi. Na ce Allah ya gafarta Malam, mutanen ba su fi kamu ɗaya tsawo ba, kuma na ga sawun guduma a gefensu. Ya ce in na fi shi sani me na zo nema.

Ruwa ya tare ni a hanya. Da na shigo tana kwance fuskarta wajen ƙofa. Ta ce an amsa? Na ce an ce a dawo.

Asabar, da La'asar

Yau na ga abin da ya kamata in gani tuntuni.

Na kai igiya tashar jirgin ƙasa, leburori na saye. Hadari ya taso, na fake a jikin rumfa, gabana ga wani tarago a tsaye da farin rubutu a jikinsa. Tun da aka kawo jirgin nan ya kashe mana hanya ba na ɗaga ido in dube shi. Yau ba inda zan kai idon. Ina kallo ina kallo, sai na gane alamun. Ɗaya kamar zobe, ɗaya kamar gwafa, ɗaya kamar haƙoran zarto, ɗaya kamar tsani mai mataki guda. Su ne a saman ƙofar dutsen nan ta Girza. Na tsaya a gabansu da safiyar da muka tashi, ina jiran Rakiya ta gama abin da take yi a durƙushe, na kalle su har suka zauna mini a ka. Duk ayarin ba wanda ya iya karanta su, har Balaraben da ke tare da mu.

Na sami akawun tasha, wani mutumin Ikko mai hular kwano, Hausarsa kamar ana tauna tsakuwa. Na zana masa su a ƙasa da kara. Ya yi dariya ya ce haruffa ne, amma ba su ce komai ba, na barbaɗa su kamar gero. Na ba shi labarin wurin. Ya daina dariya. Ya ce a makarantarsu an gaya musu wasu Rumawa, kakannin Turawa, sun mulki bakin teku duka, sun yi gine-gine. Ya ce ya ji ma Turawan da suka ci Tarabulus suna kwashe rairayi daga irin garuruwan nan suna karanta duwatsu. Na ce kafin Annabi ne ko bayansa? Ya ce bai riƙe ba. Jirgi ya yi kuka, ya ruga da tutarsa.

Kakannin Turawa. Ni dai ban taɓa ganin Bature ya ɗaura wa raƙumi garma ba, ko ya sunkuya da lauje. Ban yarda ba. Amma haruffan su ne.

Salmanu kaɗai na gaya wa, na ce ya riƙe bakinsa.

Lahadi, da hantsi

Rana ta fito. Saratu ta tafi ɗebo ruwa, Rakiya ta ce in shigo in zauna, in daina zagaye gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na ɗauko wata tsohuwar salka na zauna bakin gado ina ɗinki, ba ta ce tana wari ba.

Ta ce na tuna matar? Na ce wace mata. Ta ce a jikin dutsen, ta gefen da muka sa 'yar nan, akwai wata mata tsaye da tulu a ka. Ni ban gan ta ba, ni raƙumin na gani. Ta ce ita ta daɗe tana dubanta, hancinta ya gutsure, amma wuyanta a miƙe yake irin na wadda ta saba ɗaukar kaya. Ta ce ita ta damƙa wa ajiyar. Da Larabcin Tarabulus ta yi mata magana, don ta ga zai fi kusa da abin da take ji. Shekara talatin muna kwana ɗaki ɗaya, yau nake jin wannan.

Na ce in kuma aka ce ba Musulma ba ce? Ta ce uwargijiyarta Musulma ce, ta taɓa ƙona mata hannu da cokali. Wannan kuwa ta riƙe mata 'ya ba ta taɓa aiko da ƙorafi ba.

Ta sa hannu a kan gwiwata ta bar shi nan. Ba nauyi. Na ce kin ga abin da ƙin cin tuwo ke jawowa. Ta ce, "Maigida, ɗinkinka ya karkace." Na duba, ya karkace.

Talata, bayan Azahar

Makaho ya yi abin da ya saba. A ƙofar masallaci, gaban jama'a, yana ba da labarin wai ni na gano rubutun Girza a jikin jirgi, yana jin daɗi kamar shi ya gano. Malam Mika'ilu ya ja ni gefe ya ce in haka ne al'amarin ya ƙara nauyi, don Rumawa wasunsu sun riski saƙo. Ya ce ba ya son ya ɗaga hannu a kan abin da bai sani ba, ranar gobe shi za a tambaya. Na ce ita fa, in ta tambaye ni yau me zan ce? Ya sunkuyar da kai ya ce zai zo ya yi mata addu'ar sauƙi ko yanzu. Na ce wa ya ce maka ba ta da lafiya?

Na rantse ba zan ƙara bin sa salla ba. Salmanu kuma kada ya ƙara shafa katangata.

Sau biyu ke nan mutumin nan yana nuna mini hanya ina faɗawa rami.

Laraba, da Asuba

Na yi salla a gida.

Alhamis, da Asuba

Na yi salla a gida. Ta sha ruwa.

Alhamis, bayan La'asar

An amsa? An ce a dawo. Ta ce to.

Juma'a, da hantsi

Saratu ta tare ni a zaure, ido ja. Ta ce Baba ka ajiye fushin nan ka koma wurin Malam, ai kana gani. Na ce ina ganin me? Ta buɗe baki, na ce ta je ta duba tukunya.

Ta surfa gero ta wanke, za ta daka gumbar ko da malami ko babu. Uwar ta ji ƙarar turmi ta kira ta, ta ce a'a, wannan gumba sai wanda ya ga wurin da idonsa yake daka ta. Saura mu uku a duniya, ɗaya kwance, ɗaya makaho.

Na tuɓe riga na ɗauki taɓarya. Na ɗora wa raƙumi kayan da ya fi ni nauyi, amma ban san taɓarya na da wayo ba, in ka sake ta da ƙarfi gero ya yi tsalle, in ka sassauta ta yi maka dariya. Kaji suka taru. Matan maƙwabta suka jeru a kan zana suna leƙe, ɗaya na cewa sannu da aiki uwargida, wata na tambaya ko ina karɓar dakau. Na ce duk wadda ta kawo gero ta zo da mijinta ya koya.

An janye labulen ƙofa don ta gani. Ta ce in riƙa juya taɓaryar a hannu in na ɗaga. Ta ce zumar ta yi yawa. Ta ce dama ta san akwai ranar da zan yi amfani a gidan nan.

Na dunƙula ta a sabuwar ƙwarya na rufe da faifai. Kafaɗata kamar ba tawa ba.

Asabar, bayan Azahar

Saratu ta dawo daga gidan Malam, ta je karɓo rubutu ba da sanina ba. Ta ce Salmanu na zaune a zauren tun hantsi, shi kaɗai ya laluba ya je, ya faɗa kwata a hanya, rigarsa duk taɓo. Ta tsaya bayan ƙyaure ta ji abin da yake faɗa.

Wai yana gaya wa Malam dalilin da ya sa ya ratse da ayari ta Girza. Rijiyar da muka nufa ta ƙafe, ruwan salkuna ya kusa ƙarewa. Ubansa ya taɓa nuna masa cewa mutanen kufan nan sun gina ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa, sun shafe su da wani abu mai santsi, sun ja hanyoyin ruwa daga kan duwatsu zuwa ciki. Masu ginin sun shuɗe, ruwan sama bai sani ba, yana ta shiga. Daga nan ayari ya sha, mutum da dabba. Ya ce ayarin Musulmi nawa suka sha kafin mu, Allah kaɗai ya ƙidaya. Ya ce ruwan da aka yi wa Larai wanka da shi ma daga nan ya ɗebo, shi ya sauka da igiya a ƙugu.

Ni ban taɓa tambayar inda ruwan ya fito ba. An miƙo mini salka na karɓa.

Wai ya ce wa Malam, "Ni ban san addininsu ba. Na san ɗanɗanon ruwansu."

Shekara talatin yana da wannan a ciki, sai Samudawa yake gaya mini. Ban yafe masa ba. Na dai ce Saratu ta kai masa tsohuwar rigata kafin tasa ta bushe.

Lahadi, da La'asar

An ce Malam ya shiga birni wurin malaminsa tun da safe. Gumba ta fara tsami, na raba wa yara na sake daka wata. Yau ba wadda ta leƙo ta zana.

Ba ta tambaya ko an amsa ba. Larabci take yi ƙasa-ƙasa, irin na yara, wanda ni ma ba na ganewa.

Litinin, bayan Azahar

Ya zo.

Ina zaure na ji sallamar Malam, yana riƙe da hannun Salmanu. Bai zauna ba. Ya ce Baba Kailani, har yanzu ban san ko su waye ba, malamina ma bai sani ba. Gafara ba zan nema musu ba, wannan ba hurumina ba ne. Amma roƙon Allah ya saka wa wanda ya yi alheri da alherinsa, ban ga inda aka hana ba. In hakan ya ishe ku, a kawo ƙwaryar.

Na ce dama tun farko haka aka ce ka yi. Salmanu ya taka mini ƙafa.

Saratu ta gyara mata lulluɓi ta ɗaga labule. Malam ya durƙusa a bakin ƙofa daga waje, Salmanu a bayansa, ni na riƙe ƙwaryar a tsakani. Na ce ke, ga Malam ya zo. Idonta a rufe. Saratu ta ce tana ji, a yi.

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ya Allah, akwai wasu bayinka a wani kufai da ake kira Girza. Kai ka san su, mu ba mu san su ba. Sun tara ruwa, baƙi sun sha. An bar musu ajiya, sun riƙe. Ka saka musu gwargwadon abin da Ka sani, Kai ne ba Ka tauye kowa." Sannan ya yi wa Larai addu'a da sunanta, ya yi wa Rakiya, aka shafa Fatiha.

Ni duk tsawon addu'ar bakinsa nake kallo. Na san malamai, in suna shakka sai su haɗiye kalma a tsakiya su wuce. Na tsare shi da ido tun daga farko har ƙarshe, bai haɗiye ko ɗaya ba, wannan na shaida. Da na juyo wajenta an riga an shafa, tana yadda take.

Yara sun cinye gumbar tas.

Talata

Gida ya cika da masu ta'aziyya. An aro tabarmi daga masallaci.

Laraba

Saratu ta naɗe shimfiɗar uwarta. Na ce ta mayar.

Alhamis, da hantsi

Mutane sun ragu. An dawo mini da fatuna cikin ɗaki, ba wanda ya ce suna wari.

Na tambayi Saratu, ta ce wallahi Baba ta ga leɓenta ya motsa daidai wurin da aka ambaci Girza. Amma Saratu kuka take yi a lokacin, mai kuka yana ganin komai na motsi. Kuma 'yata ce, ko ba ta gani ba haka za ta ce.

Na tambayi Salmanu. Ya ce da kunnensa ya ji ta ce amin, makaho ya fi kowa ji. Yana bayan Malam, a waje, ga kaji na kuka. Mutumin da ya ce hasumiya.

Na tambayi Malam Mika'ilu bayan Asuba, na koma bin sa, rantsuwar zan yi kaffararta. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Ya ce shi idonsa a rufe yake. Na ce to a littafi fa, mutum in ya kai wannan gaɓar yana ji? Ya ce an ce ji ne ke ƙarshen tafiya. Na ce an ce, ko ka sani? Ya shafa gemun da bai gama fitowa ba. Na ce kada ka faɗa, na san abin da za ka ce.

Su waye mutanen Girza, na bar wa masu kwashe rairayi, su karanta duwatsunsu su gaya wa junansu. Ita yanzu ta fi su sani. Ni abu ɗaya ta roƙe ni tun da na ɗauko ta daga Tarabulus, ba ta roƙi zane ba, ba ta roƙi munduwa ba, ta ce a yi a gabanta kunnenta na ji. Na yi yawo, na daka, na kawo malami har bakin ƙofa. Mu huɗu ne a wurin, masu ido uku.

Ba na son a ce mini in yi haƙuri, na san hanyarsa. Ba na son a ce Allah ne masani. Wani a cikinku ya zauna a gabana, ya dube ni, ya gaya mini abin da ya tabbata. Ta ji, ko ba ta ji ba?